Fitila Kafin Mutum Ya Sauka

Samarin da ke zama a gindin darbejiyar ƙofar gidana a Tambuwal sun ce haƙar rijiya ba sana'a ba ce. Wai rami ne kawai, duk mai ƙarfi zai iya. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi a ba shi diga da shebur da tuwo, kwana goma ya kai ruwa. Ni ban iya ba da amsa nan take ba. Sai da na shiga gida na yi ta juya maganar, in tashi in zauna. To ga amsar na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, kuma in na yi kuskure a wani wuri, tsufa ne, ba ƙarya ba.

Rijiyar farko da na sa hannu a aikinta a Sanyinna take. Na gama firamare ke nan, ban samu wucewa gaba ba, sai mahaifina ya kai ni wurin Baba Sanda, wanda a duk ƙasar nan ba a san mahaƙi kamarsa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya magana sai da faɗa. Shekara guda cur bai bar ni na sauka ba. Aikina jan igiya da zubar da ƙasa. Na ɗauka wulaƙanci ne, ashe a nan sana'ar take, domin wanda ke sama shi ke riƙe da ran wanda ke ƙasa. Ba a cika guga har baki. Ba a tsayawa a bakin rijiya da wani abu a aljihu, ko da ɓarin goro ne. Tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gujiya ba, in ta faɗo daga nesa, fasa kai take yi. Shi ya sa mahaƙi ke kifa ƙwarya a kansa, a cusa tsumma a ciki. In ya ja igiya sau ɗaya, a ɗaga guga. In ya ja sau biyu, shi za a fitar, kuma ba a tsayawa tambayar dalili.

Digar mahaƙi ba irin ta mai gyaran hanya ba ce. Ƙotarta gajera ce, don a ƙasa babu filin ɗaga hannu, a durƙushe ake sara. Akwai dagi, wato sandar ƙarfe mai kaifin baki, na wurin da ƙasa ta yi tauri, akwai guduma. Akwai ɗan dutse da ake ɗaurewa a zare a saki daga tsakiya, don kada rami ya karkace, da sanda mai tsawon faɗin rijiyar, wadda ake juyawa a kowane kamu don kada ta tsuke. Zurfi da gaba muke auna shi, wato tsawon hannu biyu in an ware su. Baba Sanda yakan damƙi ƙasa ya shinshina, wani lokaci ya ɗanɗana, ya ce saura gaba uku. Ba kullum yake dacewa ba, amma ya fi dacewa fiye da kuskure. Ni kuwa abin da na fi ƙwarewa a kai igiya ce. Kowace safiya sai na bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan, ina murzawa ina dubawa. In na gama sai in ji kamar akwai inda na tsallake, in sake daga farko.

Baba Sanda yakan ce, "Abdu, igiyar ga kai za ka tsinka ta da dubawa."

Da aka samu mulkin kai, aiki ya buɗe a Jihar Arewa yadda ba mu taɓa gani ba. Mahaifina ya san zamanin da ake zuwa a tara maza a kora su aikin hanya, ba tambaya, ba sallama. Mu kuwa a zamaninmu sai ga shi ana neman mutum a tambaye shi ko yana son aiki. Aka ce kowane gari zai samu rijiyar siminti. Aka ba 'yan kwangila aikin, su kuma suka ɗebi mahaƙa. Aka ce Juma'a hutu ce. Aka ce ba sai ɗan mahaƙi ne zai yi haƙa ba, duk wanda ya iya koyo a ɗauke shi. Ta haka muka samu Jaɓɓi, wani Bafillace magidanci da ciwo ya cinye masa shanu. Ranar da ya zo, Baba Sanda ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wanga da ƙafafu awa karan dawa, in guga ya ja shi ciki wa za ya biya diyya?" Jaɓɓi ya ce, "Baba, wanda yaj ja bijimi ba ya kasa jan guga." Kafin wata uku babu mai hannun igiya kamarsa.

An tara mu kwana uku a Tambuwal, wani ma'aikacin ruwa ya koya mana zuba zoben siminti mai riƙe bangon rijiya: yadda ake kafa ƙarfen da ake zuba simintin a bayansa, a jera rodi, a kwaɓa yashi da tsakuwa, a bar shi ya sha ruwa kafin a ci gaba da haƙa a ƙarƙashinsa. A rana ta ƙarshe ya nuna mana abu ɗaya da ba ya cikin takardar kwangila. Ya kunna fitilar aci-balbal, ya sa ta a guga, ya zura cikin wata tsohuwar rijiya. Ya ce iskar da ba ta riƙe wuta ba, ba ta riƙe mutum. In fitila ta mutu kafin ta kai ƙasa, kada kowa ya sauka. Da baki ya faɗa, bai rubuta ba. Ni na rubuta a bayan littafina. Kuma saboda ni kaɗai na iya karanta takardar awon siminti, ni aka naɗa helma, wato shugaban ƙungiyarmu ta mutum bakwai, a kan Baba Sanda da ya koya mini riƙon igiya. Daga ranar dai ya daina kirana Abdu, sai Helma, kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san abin da yake nufi.

Muka shiga yawo. Dogon Daji wata biyu, Sanyinna wata uku, wata tunga sati shida, kayanmu a kan jakuna. Ba mu taɓa zama wuri har mu san sunayen 'ya'yan mai masaukinmu ba. Kowane gari da irin rigimarsa. Manoma suna son rijiya a tsakiyar gari, makiyaya suna son ta a waje inda shanu za su samu fili. Mata kuwa tun daga gaba na biyu suke fara zuwa da tuluna suna leƙe. Ni dai kullum safe, igiya sannan fitila. Fitilar ba ta taɓa mutuwa ba. Har abokan aiki suka mai da abin wasa, in na kunna ta su ce Helma zai kai wa aljanu haske.

Sai mugunyar shekara ta zo. Damina ta ɗauke tun gero bai gama cika ba, tafkuna suka ƙafe da wuri, kafin bazara shanun ƙasar duk sun gangara wajen Kebbe. A lokacin muna haƙa a wata tunga kudu da Kebbe. Ba zan faɗi sunanta ba, domin mutanenta ba su yi abin da suka yi da mugun nufi ba. Matan garin tafiyar rabin yini suke yi kafin su samu ruwa. A bayan gari kuma ga rugar Arɗo Buba, kawun Jaɓɓi, da shanun da haƙarƙarinsu ya fito. A gaba na goma sha bakwai muka ci karo da dutse. Kwana huɗu Baba Sanda na dukansa da dagi da guduma, abin da yake fitarwa a yini bai cika guga biyu ba. Ya ce ruwa na ƙarƙashin dutsen, yana jin sanyinsa a gwiwa. Ranar Alhamis muka tashi, muka tafi Kebbe don mu yi Juma'a mu kuma kai dagi wurin maƙeri.

Asabar da hantsi muka dawo. Tun daga nesa na ga an rufe bakin rijiyar da asabari da tabarmi, an danne da itace. Mu ba haka muka bar ta ba. Na sa aka yaye. Babu hayaƙi, babu komai, sai wani ɗumi da ke tasowa da ɗan ƙauri. Na duba igiya, na kunna fitila, na zura. A wajen gaba na goma sha ɗaya harshen wutar ya yi ƙasa, ya yi ja, ya mutu. Na jawo ta, na gyara lagwani, na sake. Ta mutu a daidai wurin. Na aika aka aro fitilar limamin garin. Ita ma haka.

Mai gari ya iso da dattawansa, fuskarsa cike da murna. Na gaishe shi, na tambaye shi wa ya taɓa rijiyar.

Ya ce, "Mu na, Helma. Taimako munka yi muku. Jiya bayan Juma'a munka zuba itace da kara da kashin shanu, munka sa wuta, munka rufe don zafi shi kama dutsen. Da safe mata sunka zuba ruwan da sunka ɗebo, tulu fuɗu, ruwan shansu fa. Ai yanzu ya fashe."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wa ya ce ku yi haka?"

Ya juya ya dubi Baba Sanda. Ashe ranar Alhamis, suna hira a gindin tsamiya, Baba ya ba su labarin yadda mahaƙan dā ke fasa dutse da wuta. Gaskiya ya faɗa, haka ake yi. Abin da bai faɗa ba shi ne rijiyoyin dā ba su kai wannan zurfi ba, ba a rufe su, kuma sai an yi kwanaki kafin a shiga.

Baba Sanda ya tuɓe riga, ya ɗauki ƙwaryarsa ya kifa a kai. Ya ce, "Ni nac ce musu, ni ka sauka. Ku ba ni igiya."

Na ce, "Baba, fitila ta mutu sau uku."

Ya ce, "Ni fitila na? Shekara arba'in nika shiga rami tun ba a haife ka ba, ban taɓa tambayar fitila izini ba."

Muna cikin haka sai ga wakilin ɗan kwangila a kan kekensa, ya yi gumi sharkaf. Shi ke zagaya rijiyoyi yana duba aiki. Ya ce an riga an sa ranar da manya za su zo buɗe rijiyar, kuma in ba a kai ruwa ba, kwangilar gaba ta wuce maigidansa, mu ma ta wuce mu. Na nuna masa fitila, na zura a gabansa, ta mutu. Ya ce lagwanin ne ba shi da kyau. Na ce fitila biyu ne. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta zancen fitila a takardar kwangila. Na buɗe bayan littafina. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai rubutunka ne, Helma. Ni ma in na so sai in rubuta cewa ni sarki ne."

Ban san lokacin da na naɗe igiyar ba. Na dai ga na tara ta wuri ɗaya na zauna a kai. Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Ba mai sauka yau."

Ya ce, "To daga yanzu kai ba helma ba ne. Tashi daga kan kayan maigidana. Baba, kai ne helma. Sauka."

Igiyar tasu ce, ba tawa ba, don haka na tashi. Baba Sanda ya ɗaura ta a ƙugu da kansa, ya zauna a bakin rijiya, ƙafafunsa na lilo a ciki. Saura mai riƙewa. Mutum biyu ke sauke mahaƙi, amma na gaba shi ne mai aikin, kuma na gaba Jaɓɓi ne. Arɗo Buba yana tsaye tun ɗazu, ya harɗe hannu a kan sandarsa. Ya ce, "Jaɓɓi, kama mishi. Maruƙa biyu sun kwanta tun jiya. Tsoho ya ce shina iyawa."

Jaɓɓi ya matsa ya leƙa rijiyar, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ja da baya yana dafe da goshi. Ya ce, "Kawu, na san maruƙan, ni nas san uwayensu. Amma in yaj ja igiya sau biyu ina fitar da shi. In bai samu ja ba fa? Mi za ni jawo?" Ya je ya tsuguna kusa da ni. Sauran huɗun suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka zo suka tsuguna.

Baba Sanda ya zage mu tas. Ya ce ni ɗan boko ne mai tsoron inuwarsa, ya ce Jaɓɓi ya koma tatsar nono. Wakili ya ce duk an kore mu, har Baban, tunda helman da ba a bin maganarsa ba shi da amfani. Ya ce zai je Kebbe ya kawo wasu. Ya hau kekensa ya tafi.

A shekara irin wannan, korar mutum daga aiki ba ƙaramin abu ba ne. Babu hatsi a rumbun kowa a cikinmu. Wasu suka fara ɗaure kaya. Ni kuwa abin da ya hana ni motsi shi ne, in muka tafi, kafin la'asar wani daga cikin garin zai ɗaura igiya ya sauka ya ga ko dutsen ya fashe. Na ga yadda samarinsu ke leƙe. Na ce wa abokan aiki an kore mu daga haƙa, ba a kore mu daga fifita ba. Muka saro rassan marke masu ganye, muka ɗaure su dami guda a igiya, muka shiga zurawa muna jawowa da sauri, don su tura iska mai kyau ƙasa su kwaso mugunyar. Biyu su yi, biyu su karɓa. Bayan kowane ɗan lokaci in zura fitila. Ranar farko ta kai gaba goma sha uku. Rana ta biyu, goma sha biyar, sai kuma ta koma goma sha huɗu, ban san dalili ba, na sa aka sake dami. Baba Sanda bai taɓa igiyar ba. Yana gindin tsamiya ya juya mana baya. A cikin kwana biyun nan Arɗo Buba ya rasa maruƙan nan biyu da saniya guda. Ya sa aka jawo fatun aka shanya inda za mu gani.

Rana ta uku da safe fitila ta kai ƙasa, ta zauna a kan gawayi tana ci. Na bar ta har na ƙirga ɗari uku, na jawo, na sake zurawa. Tana ci. Sai ga wakili ya dawo shi kaɗai. Ya samu ƙarti a Kebbe, amma babu wanda ya iya zuba zobe, kuma labari ya riga shi isa kasuwa, kowa ya ji rijiyar da ke kashe fitila. Ya ce mu koma aiki. Na ciro takardar da na rubuta, layi biyu ne kawai. Na farko, ba mai sauka sai fitila ta kai ƙasa tana ci. Na biyu, wanda ya ƙi sauka don fitila ta mutu, ba a korarsa. Na ce ya sa hannu a madadin maigidansa.

Ya karanta, ya ja ni gefe. Ya ce, "Helma, ni ma ɗan aiki ne. Na riga na aika wa maigida cewa kai ka tayar da mutane. In na koma na ce ba wanda aka kora, ni za a kora. Zan sa hannu, zan mai da shida. Kai ban da kai."

Na tambaye shi ko sa hannunsa zai ci gaba da aiki bayan na tafi. Ya ce zai ci. Na ce ya rubuta hakan a ƙasa, ya rubuta. Na kwafi takardar sau biyu, na ba Jaɓɓi ɗaya, na ba liman ɗaya ya ajiye, don Jaɓɓi bai iya karatu ba, kuma takarda a jikin mai aikin ruwa ba ta daɗewa.

Na tsaya na ga saukar Baba Sanda. Gugan farko da ya turo gawayi ne da toka, a sama ya ɗora wani mataccen ɓera. Ko iska ce ta kashe shi ko wuta, ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Guga na biyu ɓaraguzan dutse ne manya-manya. Wutar ta yi aikinta, dutsen ya tsage. Mai gari ya dube ni ya ce, "To, Helma, ba mun faɗa ba?" Na ce ya faɗa.

Washegari da sassafe na ɗauki tabarmata da butata na kama hanyar Dogon Daji, inda na ji wata ƙungiya na neman mai igiya. A can na sake farawa daga jan guga, kuma na yi shekara biyu kafin a sake ba ni mutane. Amma ranar da na tashi daga tungar ban yi nisa ba. Na wuce gonakin gari ke nan sai na tuna kananzir ɗin fitilar ya yi ƙasa, kuma ban gaya wa kowa inda na ajiye kwalbar ba. Na ce ai za su gani. Na ƙara tafiya kaɗan, na tsaya. Na juyo.

Na tarar da su a bakin rijiya, ba wanda ya sauka tukuna. Baba Sanda na durƙushe, shi da kansa yake sakin igiya a hankali, kansa a cikin rami yana bin hasken da ido. Jaɓɓi ya gan ni zai yi magana, Baba ya daka masa tsawa ya ce ya yi shiru, ƙirga yake yi. Sai da ya gama ya jawo gugan, ya hure fitilar, sannan ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Baba, kwalbar kananzir tana bayan buhunan siminti."

Ya ce, "Na gane ta tun jiya. Ɗari uku kaka ƙirgawa ko ɗari fuɗu?"

Na ce ɗari uku.

Ya ce, "Ni fuɗu nika yi. Tafi abinka, Abdu, rana na yi."